Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'i: Ku Faɗa Mana Abin Da Ɗalibanmu Suke Zama A Hannunku

Zuwa ga shugabannin jami'o'i da kwalejoji, da jami'an da ke ɗaukar sababbin ɗalibai,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin sakandare ne. Na koyar a makarantar gwamnati, na kuma koyar a makarantar kuɗi, kuma a duka biyun tambaya ɗaya iyaye suke yi mini idan shekara ta zo ƙarshe: Malam, wacce ce ta fi shirya yaro ya shiga jami'a ya fita lafiya, ta kuɗi ko ta gwamnati? Wasu daga cikin masu tambayar sun riga sun yanke shawara, so suke kawai in mara musu baya. Amma da yawa da gaske suke, domin akwai uban da zai ci bashi a kan amsar, akwai uwar da za ta rabu da abin da ta daɗe tana tarawa, akwai gidan da za a ware ɗa guda a kai shi ta kuɗi a bar sauran. Na rubuto muku ne saboda rabin amsar a hannunku yake. Mu dai mukan rako yaro har bakin ƙofarku, daga nan labari ya yanke mana. Ku ne kuke ganin wanda ya tsaya da ƙafarsa tun zangon farko, da wanda ya fara tangal-tangal, da wanda ya sulale a shekara ta biyu ba tare da kowa ya tambayi inda ya shiga ba.

Abin da kowa yake gani da ido gaskiya ne, ba zan musa shi ba. A yawancin ƙasashe, idan aka jera sakamakon jarrabawa, 'yan makarantun kuɗi ne a sama. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe a kan tattalin arziki, tana gudanar da jarrabawar PISA tun shekarar 2000, inda ake gwada 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya a ƙasashe da dama, kuma ɗanyen sakamakon yakan nuna haka. Sai dai masu jarrabawar ba su tsaya nan ba. Sukan tambayi kowane yaro aikin iyayensa, da zurfin karatunsu, da irin littattafai da kayan karatun da ke gidansu. Da aka haɗa yaran da gidajensu suka yi kama, a makarantun da ɗalibansu suka fito daga irin gidaje ɗaya, sai fifikon nan ya narke. A zagayen 2018 ma, bayan an yi wannan daidaitawa, 'yan makarantun gwamnati ne suka ɗan fi a fannin karatu idan aka ɗauki matsakaicin ƙasashen ƙungiyar.

Wannan ba sabon labari ba ne ga masu binciken ilimi. Tun 1966 James Coleman ya jagoranci wani babban bincike a Amurka da ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya gano cewa gidan da yaro ya fito da irin yaran da yake zama da su a aji sun fi yawan kuɗin da aka kashe wa ginin makarantar tasiri a kan karatunsa. A 2018 Robert Pianta da Arya Ansari na Jami'ar Virginia suka fitar da sakamakon bin sawun yara sama da 1,000 har suka kai shekara 15. Waɗanda suka yi makarantar kuɗi sun fi a kusan kowane ma'auni, amma da aka sa samun iyaye da iliminsu cikin lissafi, fifikon ya tafi. Ma'anar wannan a fili take ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo. Makarantar da take karɓar kuɗi mai yawa, take kuma yin jarrabawar shiga, ta riga ta tace ɗalibanta tun kafin a buga ƙararrawar farko. Yaron da ya zo mata ya ƙoshi, ya yi barci, akwai fitila da teburi a ɗakinsa, akwai wanda zai tambaye shi aikin gida da daddare. Idan ya ci jarrabawa bayan shekara shida, nawa ne na makarantar, nawa ne na gidan?

Hanya mafi tsabta ta raba waɗannan biyun ita ce ƙuri'a. Akwai wuraren da gwamnati ta ba da tallafin shiga makarantun kuɗi, masu nema suka fi guraben yawa, aka jefa ƙuri'a. A nan wanda ya ci da wanda ya faɗi duk irin gida ɗaya suka fito, sa'a ce kawai ta raba su, don haka bambancin da aka gani daga baya na makarantar ne. To me aka gani? A Kolombiya, a shekarun 1990, shirin PACES ya kai yaran talakawa sakandaren kuɗi ta wannan hanya, kuma waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa sun fi 'yan uwansu kammala sakandare. A jihar Luwiziyana ta Amurka kuwa akasin haka aka samu: yaran da suka ci ƙuri'a suka koma makarantun kuɗi, makinsu na lissafi ya faɗi sosai a shekarar farko idan aka kwatanta da waɗanda suka zauna a ta gwamnati. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, a matakin firamare, binciken Karthik Muralidharan da Venkatesh Sundararaman na 2015 ya nuna cewa bayan shekara huɗu babu bambanci a lissafi da harshen Telugu, sai dai makarantun kuɗin sun kai ga hakan da kuɗin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da gwamnati ke kashewa ba. Ƙasashe uku, amsoshi uku. Kalmar "ta kuɗi" ta tattara makarantar da ke da ɗakunan gwaje-gwaje da laburare da ƙwararrun malamai, da kuma wadda aka buɗe a gidan haya mai ɗaki huɗu ana biyan malamanta abin da bai kai su ƙarshen wata ba. Haka ma "ta gwamnati" ta haɗa makarantar haziƙai da ake rububin shiga da wadda rufinta ke yoyo.

Amma duk wannan magana ce ta jarrabawar sakandare. Tambayar iyaye ta wuce nan, ta shafi abin da zai faru a ajinku, kuma nan ne nake so ku saurare ni da kyau.

A Ingila kusan kashi 7 cikin 100 na yara ne suke makarantun kuɗi. A 2014 hukumar da ke raba wa jami'o'in ƙasar kuɗi a lokacin, wato HEFCE, ta bi sawun ɗaliban da suka shiga jami'a ta duba irin digirin da suka fita da shi. Ta ɗauki waɗanda suka shiga da maki iri ɗaya a jarrabawar ƙarshen sakandare ta kwatanta su. Sai ga shi 'yan makarantun gwamnati sun fi takwarorinsu na makarantun kuɗi samun digiri mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu. Tazarar ta fi fitowa a tsakanin masu matsakaicin maki, ta ƙanƙance a wajen waɗanda suka zo da maki mafi girma. An ga irin haka a wasu jami'o'in Ostireliya. Wannan bai nuna makarantar kuɗi ta ɓata yaro ba. Abin da ya nuna shi ne maki iri ɗaya ba ƙoƙari iri ɗaya ya samar da shi ba. Wanda ya samu maki mai kyau da malami a kansa safe da yamma, da darasin ƙari, da bitar tsofaffin tambayoyi har ya haddace su, an riga an tatso kusan duk abin da zai iya bayarwa. Wanda ya samu wannan makin a ajin da malamin kimiyyar sinadarai ya yi wata biyu bai leƙo ba, akwai sauran ƙarfi a jikinsa da ba a taɓa ba.

Na ga fuskar wannan lissafi da idona. Wata tsohuwar ɗalibata daga makarantar kuɗi, yarinya mai ƙwazo wadda ba ta taɓa sauka daga sahun gaba ba, ta zo gaishe ni a hutun zangonta na farko a jami'a. Na tambaye ta karatu, sai idonta ya ciko. Ta ce malami yakan shigo ya yi lacca na awa biyu, ya rubuta sunayen littattafai huɗu a allo, ya tattara takardunsa ya fita. Ita kuwa ta zauna tana jiran a raba musu taƙaitaccen bayani kamar yadda muka saba yi musu, a nuna musu shafin da za a karanta, a faɗa musu ranar gwaji. Mako uku tana jira. Sai da ta ga wata abokiyar zamanta tana fita laburare da sassafe da littafin rubutu, tana ciro abin da ta fahimta da kalmominta, sannan ta gane ba wanda zai zo. "Malam," in ji ta, "ba ku taɓa barina na nemo abu da kaina ba." Gaskiya ta faɗa. A makarantar da iyaye suke biya, sakamako shi ne talla, kuma babu shugaban makarantar da zai yarda a bar yaro ya yi ta lalube har ya gano hanya, alhali jarrabawa na tafe. Sai a tauna a ba shi ya haɗiye. Ranar da ya iso wurinku aka miƙa masa abin da sai ya tauna da kansa, nan ake gane haƙoran ba su saba ba.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe wahalar makarantar gwamnati alheri ce. Ba alheri ba ce, kuma ina jin zafin masu faɗin haka daga cikin ofis mai sanyi. A makarantar gwamnatin da na koyar, yara sun kammala ajin kimiyya ba su taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta ba. A allo nake zana musu shi, in sa kibiya in rubuta sunan kowane sashe, su kwafa, su haddace, su ci tambayar a jarrabawa. Ɗaya daga cikinsu da ya samu gurbin karatun kimiyya ya gaya mini cewa ranar farko a ɗakin gwaje-gwaje hannunsa rawa yake yi, yana tsoron taɓa kayan gilashin kada ya fasa a ce ya biya, ya tsaya a baya yana kallon waɗanda suka saba suna aiki. Wannan yaro ya jure ya wuce. Amma waɗanda suka iso gare ku daga irin wannan makaranta su ne 'yan kaɗan da suka tsira. Binciken Ingila da na ambata waɗanda suka shiga jami'a kawai ya ƙirga. Bai ƙirga ɗimbin masu basirar da suka tsaya a hanya ba, saboda ba a taɓa koya musu lissafin da ake nema ba, ko ba wanda ya gaya musu ranar rufe cike takardar neman gurbi.

Idan kuka tambaye ni abin da makarantar kuɗi mai kyau take bayarwa wanda ya cancanci a biya, ba zan ce gini ko motar ɗaukar yara ba. Zan ce jan biro. A ajin yara ashirin, nakan ba da rubutun insha'i kowane mako, in karanta na kowa, in ja layi a ƙarƙashin jumlar da ba ta tsaya ba, in rubuta a gefe "ina hujjarka?", in mayar wa yaro ya sake. Bayan shekara guda yaron ya san yadda ake kafa magana a kare ta. A ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, ga kuma wasu azuzuwa huɗu irinsa suna jirana, ko da na kwana ina dubawa ba zan iya ba. Sai a koma tambayoyin zaɓi-ɗaya da cike gurbi, waɗanda ake makawa cikin minti kaɗan. Yaro ya kai shekara goma sha takwas bai taɓa rubuta shafi uku a jere wani ya karanta ya ba shi amsa ba. Ku kuma a mako na shida kuna neman ya kawo muku rubutun shafi goma mai hujjoji. Abu na biyu shi ne mai ba da shawara, wanda ya san wace jami'a ce ke neman wane darasi, ya kuma faɗa wa yaro tun yana aji huɗu, lokacin da zaɓin darussa bai kuɓuce masa ba. Duka biyun babu wanda ya gagari makarantar gwamnati idan aka ba ta malamai isassu. Finland ta nuna haka: tsakanin 1972 da 1977 ta haɗe makarantunta zuwa tsari ɗaya na kowa da kowa, daga baya ta wajabta wa malamai digiri na biyu, kuma har yau karatun dole kyauta ne a can, ko a 'yan makarantun da ba na gwamnati ba.

Akwai binciken da ya fi duk waɗannan kusa da tambayar iyaye. Clifford Adelman na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ya bi takardun ɗalibai daga sakandare har ƙarshen jami'a, ya fitar da sakamako a 1999 ya sake a 2006. Abin da ya fi nuna wanda zai kammala digiri, a cewar binciken, shi ne nauyin darussan da yaro ya ɗauka a sakandare, musamman inda ya kai a lissafi. A 2020 kuma Elaine Allensworth da Kallie Clark na Jami'ar Chicago suka duba ɗaliban makarantun gwamnatin birnin, suka ga makin da yaro ya tara a aji cikin shekarunsa na sakandare ya fi makin jarrabawar shiga ta ACT nuna ko zai kammala jami'a, da tazara mai yawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makin aji yana ɗauke da zuwa makaranta kullum, da miƙa aiki a kan lokaci, da komawa kan abin da ya gagara har sai ya yiwu. Waɗannan su ne abin da jami'a take ci. Ko ɗaya daga cikinsu ba a rubuce yake a allon da ke ƙofar makaranta ba, kuma kuɗin makaranta ba ya tabbatar da shi, kamar yadda rashinsa ba ya hana shi.

Yanzu bari in zo kanku, ranku ya daɗe, domin akwai wani fifikon makarantun kuɗi da ba a aji aka ƙera shi ba, a ofisoshinku aka ƙera shi. A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka binciki yadda ake shiga manyan jami'o'i 12 masu zaman kansu na Amurka, irin su Harvard da Yale da Stanford. Sun gano cewa 'ya'yan gidajen da ke cikin kashi 1 cikin 100 mafi arziki sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen shiga waɗannan jami'o'i, alhali makinsu na jarrabawar shiga ɗaya ne. Daga cikin dalilan akwai fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da guraben 'yan wasanni, da makin da ake bayarwa a kan abubuwan da ba na karatu ba, kamar wasiƙun shaida da ayyukan bayan aji, waɗanda makarantun kuɗi suka ƙware wajen shiryawa. Kuma binciken bai ga cewa waɗannan abubuwa suna nuna wanda zai fi yin nasara bayan kammalawa ba. A Birtaniya, rahoton gidauniyar Sutton Trust da hukumar kula da ci gaban al'umma na 2019 ya nuna kashi 65 cikin 100 na manyan alƙalai makarantun kuɗi suka yi, a ƙasar da kashi 7 ne kawai ke zuwa can. Uban da ya ga wannan ya ci bashi ya kai ɗansa ta kuɗi bai yi wauta ba. Ya karanci yadda ƙofarku take buɗewa ne, ya bi. Amma a kira abin da sunansa: wannan shirya yaro ne ya samu shiga, wanda daban yake da shirya shi ya iya karatun.

Shi ya sa babbar buƙatata gare ku ita ce ku buɗe rajistarku. Kowane ɗalibi da kuka ɗauka, sunan sakandarensa yana cikin fayil ɗinsa, tare da makin da ya zo da shi. Sakamakonsa na kowane zango ma yana nan, da darasin da ya maimaita, da ranar da ya bar karatu idan ya bari, da darajar digirinsa idan ya kammala. Haɗa waɗannan ba ya buƙatar sabon gini ko tallafi daga waje, aikin 'yan makonni ne ga sashen ƙididdigarku da kwamfutocin da kuke da su. Ku fitar da shi kowace shekara, ba tare da sunan ɗalibi ko ɗaya ba, a tara na shekaru da dama ga ƙananan makarantu don kada a gane mutum: daga makaranta kaza mun karɓi ɗalibai kaza, da irin wannan maki suka zo, kaza suka wuce shekarar farko ba tare da maimai ba, kaza suka kammala. Ingila ta fara wani abu makamancin haka a matakin sakandare a 2016 da ma'aunin Progress 8, wanda ke auna nisan da makaranta ta kai yaro daga inda ta karɓe shi. Abin da ya rage shi ne a ja wannan layin ya ƙetare ƙofarku.

Na san za a ce wannan zai kunyata wasu makarantu. Zai kunyata su, kuma wasunsu sun cancanta. Makarantar da take fitar da yara da maki masu ƙyalli ta hanyar haddar amsoshi, ko ta hanyar da ta fi wannan muni a ɗakin jarrabawa, a yanzu ba abin da ke tona ta. Tana liƙa hotunan waɗanda suka ci a bango, iyaye suna ta tururuwa, yaran kuma suna zubewa a hannunku shiru. Ku kaɗai kuke ganin zubewar. A ɗaya gefen akwai makarantar gwamnati a wani lungu da ba wanda ya san sunanta, mai malamin lissafi guda da ya riƙe aikinsa da gaskiya, ɗalibanta suna zuwa muku da matsakaicin maki suna fita da digiri mai kyau. Ita ma ba wanda ya sani, har shi malamin. Shirunku yana kare ta farkon, yana danne ta biyun.

Idan kuka ga abin da rajistar ta ƙunsa, ina da yaƙinin za ku sake duba yadda kuke karanta maki a lokacin ɗauka. Wasu sun riga ku. Jihar Texas ta kafa doka a 1997 da ta ba duk wanda ya fito cikin kashi 10 na sama a ajinsa na sakandare damar shiga jami'o'in jihar, ko daga wace makaranta ya fito. Jami'ar Sciences Po ta Faransa ta buɗe wata hanya ta musamman a 2001 ga ɗaliban sakandaren unguwannin marasa galihu. Jami'ar Bristol a Ingila takan sassauta makin da take nema ga waɗanda suka fito daga makarantun da sakamakonsu ke ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare yana da masu sukarsa, kuma ba na cewa ku kwafo wani yadda yake. Abin da suka haɗu a kai shi ne kallon maki tare da wurin da aka samo shi. Wasu suna kiran wannan rage daraja, ni kuwa ina ganin gyara ma'auni ne, tunda alƙaluman Ingila sun nuna wanda ya fi yin kyau a ƙarshe idan an shiga da maki ɗaya. Kuma yaron makarantar kuɗi da ya yi ƙoƙarinsa da gaske ba abin da zai rasa, shi ma ba shi ya zaɓi gidan da aka haife shi ba, kuma ba na neman a hukunta shi.

Sai kuma ku yi mana magana, mu malaman sakandare. Malamanku na shekarar farko sun san daidai inda yara suke karyewa. Sun san ko a lissafin aljabra ne, ko a karanta dogon rubutu a fitar da jigonsa, ko a rubuta rahoton gwaji. Sukan yi ƙorafin a ɗakin shan shayinsu, su ce sakandare ta lalace, maganar ta mutu a nan. Ba ta taɓa iso mana a rubuce ba. Shafi biyu daga kowane sashe a ƙarshen shekara, a aika wa makarantun da ke turo muku ɗalibai, na kuɗi da na gwamnati, zai canza abin da nake yi a aji fiye da taron bita goma. Da na san tun da wuri cewa jiran taƙaitaccen bayani ne zai kayar da ɗalibata, da na sami hujjar da zan kai wa shugaban makaranta da iyaye in ce a bar ni in riƙa tura su laburare su dawo da abin da suka samo, ko da makin gwajin wata zai ɗan sauka. Ba tare da takarda daga gare ku ba, maganata ra'ayin malami ɗaya ce a gaban masu biyan kuɗi.

A shekarar farkon ma akwai abin da ya rage naku. Yaron da bai taɓa riƙe kayan gwaji ba yana buƙatar 'yan makonni a ɗakin gwaje-gwaje kafin a fara ba shi maki. Yarinyar da ba ta taɓa neman littafi da kanta ba tana buƙatar wanda zai zaunar da ita ya nuna mata yadda ake karatu babu mai tsaye a kai. Gurbin da ke jikinsu daban-daban ne, amma dukansu kun ɗauke su, kun karɓi takardunsu, sun zama amanarku.

Ina roƙon majalisar kowace jami'a ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba, ta umarci ofishin rajista da sashen ƙididdiga su haɗa bayanan ɗaliban shekaru biyar da suka wuce bisa makarantun da suka fito, a fitar da su kafin a buɗe neman gurbi na shekara mai zuwa, a kuma aika wa kowace sakandare nata kason.

Na gode da sauraro. Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani malamin sakandare